Sallamar Yaron Shago

A shekarun baya, da zarar watan Oktoba ya kama, akwai wata kasuwa da takan ci a Adidogome wadda ba ta da rumfa ko ɗaya a cikin kasuwar Assiyeye. Masu ɗaukar hoto sukan rataya farin ƙyalle a bango, masu shagon kwamfuta su liƙa takarda a ƙofa, samari su jeru da wankakkun riguna. Lokacin loto biza ke nan, wato cacar da Amurka ta kafa da wata doka ta 1990, wadda ta riƙa raba biza har 55,000 a shekara ga mutanen ƙasashen da ba su cika yawa a can ba. Mutanen Lome sun riƙe wannan caca hannu bibbiyu, har wani malamin jami'a Ba'amurke mai suna Charles Piot ya rubuta littafi sukutum a kanta a 2019. Mun saba ganin layin, mun kuma saba yi masa dariya. A Oktoban 2024 dariya ta koma ciki, domin a tsakiyar layin muka hango yaron shagonmu.

Muna ce masa yaro ne don haka al'ada ta raɗa masa, amma gemu ya riga ya cika masa fuska. Yana ɗan shekara 14 wani direban babbar mota ya kawo shi wurin mahaifinmu daga wani ƙauye na ƙasar Dogondutsi, da 'yar jakar leda da allonsa. Shekara 11 ke nan shi ke buɗe shagonmu na kayan gyaran babur da ke bakin hanyar Kpalime, shi ke rufe shi. Ya iya Ewe fiye da wasunmu da aka haifa a nan. Ya san bakaniken da za a ba bashi a kwana lafiya, ya san wanda in ya yi sallama sai a ɓoye littafi. Mahaifinmu ya faɗa a gaban mutum biyu cewa zai sallame shi bayan Babbar Salla, in Allah ya kai mu. Allah bai kai shi ba. Magana ta dawo wuyanmu, mu 'ya'yansa bakwai, muka yi shekara biyu muna jan ƙafa.

Mai karatun da bai tashi a gidan fatake ba zai iya ɗauka cewa sallama kora ce. A'a. Sallama ita ce ranar da mai gida zai kira yaronsa, ya ware masa jari daga cikin dukiyarsa, ya nuna shi ga abokan ciniki, ya ce daga yau wannan mutumin kansa ne, wanda ya ba shi bashi ni ya ba. Mu kanmu 'ya'yan sallama ne. Kakanmu ya shigo Lome a zamanin Faransawa yana bin garken shanu a ƙasa tun daga arewa, ba shi da komai sai sanda da buta. Ya sauka a zauren wani mai gida a tsohon Zango, kamar yadda kowane baƙo yakan sauka, ba a tambaye shi kuɗin kwana ba. Da safe ya fara da share zaure da ɗebo ruwa. Daga nan aka riƙa aikensa kara ya tsare shanun baƙi, sannan aka bar shi ya riƙa karɓo kuɗi wurin mahauta, sannan ya fara tsayawa tsakanin mai sayarwa da mai saye yana samun 'yar la'adarsa. Da mai gidan ya ga hankalinsa ya zauna, ya yi masa aure da 'yar ƙaninsa, ya ba shi ɗaki a gidan. Bayan wasu shekaru ya ba shi kuɗin shanu huɗu. Daga waɗannan shanu huɗu duk abin da muke taƙama da shi ya fito.

Wannan tsari ba a Lome kaɗai yake ba. Abner Cohen ya same shi a Sabo ta Ibadan ya rubuta shi a 1969, Michel Agier kuma ya zauna cikin mutanenmu na Zangon Lome ya fitar da nasa littafin a 1983. Abin da masu bincike suka hango daga waje, mu a cikin tuwo muka ci shi. Mai gida ba don tsabar tausayi yake ɗaga yaro ba. Cinikin shanu da na goro ciniki ne na bashi da nisa: mai shanu yana Arewa, mahauci yana bakin teku, babu banki a tsakani, babu takarda. Abin da ke riƙe kuɗi shi ne mutum amintacce, kuma mutum amintacce ba a sayensa a kasuwa, rainonsa ake yi. Saboda haka arzikin mai gida da mutanensa ake auna shi, yawan kwanukan da ke fita daga cikin gidansa da dare sun fi yawan shanunsa daraja a idon jama'a. Duk yaron da ya sallama ya zama wani sabon hannu da ya miƙa zuwa wata kasuwa. Talaka yana da abin da attajiri yake bukata, wannan ne ya sa akwai tsani.

Kada mu yi wa jiya kwalliyar da ba ta da ita. A kan kowane yaro da aka sallama akwai wasu da suka tsufa a bakin zaure, suna jiran Sallar da ba ta zo ba. An san gidajen da ba a aurar wa mahauci ko maroƙi 'ya komai kuɗinsa, an san waɗanda ake raɗa asalin kakanninsu a bayan idonsu. Mata kuwa tsanin ba nasu ba ne tun farko, sai abin da suka tara da tuyar ƙosai da adashi a bayan katanga, alhali a babbar kasuwar Lome matan Mina da ake kira Nana Benz suna juya cinikin atamfa suna hawa Marsandi. Kuma raina talaka ba yau aka fara ba. Alhaji Umaru, malamin Kano da ya bar Salaga bayan yaƙin 1892 ya zauna Kete-Krachi, wadda a lokacin take ƙarƙashin Jamusawan Togo, ya tsara Waƙar Talauci da Wadata a kan yadda jama'a ke wulakanta marar shi su girmama mai shi. Ya rasu a 1934, zancensa bai tsufa ba. Duk da haka, a wancan zamani mai kuɗi da talaka ƙofa ɗaya suke shiga, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A 1977 hukuma ta rushe tsohon Zango, wanda yake tsakiyar gari, tafiyar ƙafa zuwa babbar kasuwa. Aka kwashe jama'a zuwa wajen Agoe, kimanin kilomita 15 arewa da gari, a kwarin kogin Zio inda ruwa ke shiga ɗakuna in damina ta yi ƙarfi. A filin da aka share manyan gine-ginen bankuna suka tashi. Iyayenmu ba su taɓa ba da labarin wannan shekara ba tare da sun sassauta murya ba. Mu da aka haifa daga baya mun daɗe kafin mu gane cewa ba gidaje kaɗai aka rushe ba. Wanda yake da ajiya ya sayi fili inda ya ga dama, ya ja katanga. Wanda ba shi da ita ya bi motar hukuma, ko ya shiga haya ɗaki ɗaya. Mahaifinmu yana cikin masu 'yar ajiya, shi ya sa daga baya ya gangaro Adidogome tun tana gonakin rogo, ya sayi fili a kuɗin da yau ko ƙofar ƙarfe ba zai saya ba. Abokin wasansa, wanda suka yi karatun allo tare, bai saya ba domin a shekarar ya yi jinyar uwarsa. Jikokin wannan mutum har yau haya suke biya. Ba mu fi su ƙwazo ba, ba mu fi su tsoron Allah ba. Gari ne ya taso ya iske filinmu.

Ku dubi gidajen da muke ginawa yanzu. Babu zaure. Akwai katanga mai tsawo, da ƙofar mota, da ƙararrawa. Baƙon da ya sauka tasha da dare masallaci yake nufa, domin babu gidan da aka gina da shi a zuci. Ɗan attajiri yana tafiya makarantar kuɗi a mota, ɗan talaka yana tafiya ta gwamnati a ƙasa, wadda aka soke kuɗinta na firamare a 2008 amma aji ɗaya yakan cika ya batse. Da can aƙalla makarantar allo takan haɗa su a tabarma ɗaya, bulala ɗaya. Yanzu ita ma an raba, mai hali malami yake ɗauka ya zo gida.

Wani ƙanenmu da cacar ta faɗa kansa shekarun baya, yana zaune a Bronx cikin birnin New York, shi ya fara jawo hankalinmu ga binciken wani masanin tattalin arziki na Jami'ar Harvard, Raj Chetty, da abokan aikinsa. A 2022 sun duba abota tsakanin mutane fiye da miliyan 70 a Facebook, suka gano cewa cikin abubuwan da suka fi nuna ko ɗan talaka zai ɗaga a Amurka akwai yawan cuɗanyar talakawa da masu hali a inda ya tashi. Da ya karanto mana wannan ta waya, babban wanmu ya yi tsaki ya ce, ashe sai an tara mutum miliyan 70 kafin a gano amfanin zaure. Muka yi dariya, sannan kowa ya yi shiru, domin gidan da muke zaune a ciki muna dariyar ba shi da zaure.

Bayan rushewar Zango sai kasuwa ita ma ta sake fata. Dogon yajin aikin da aka fara a Nuwamban 1992 ya tsayar da gari wata da watanni, a lokacin ne zemijan ya bazu a Lome, samari suka hau babur neman na tuwo. A Janairun 1994 aka kare darajar sefa da rabi, wanda ya kwana da kuɗi a ƙarƙashin katifa ya tashi da rabin dukiyarsa, wanda ya kwana da kaya ko fili ya tashi da riba. A Janairun 2013 gobara ta cinye babbar kasuwar Lome. Kowace girgiza ta zo, mai jari yakan dafa ƙasa ya miƙe, ƙaramin ɗan kasuwa kuwa sai dai a ce Allah ya mayar da alheri. Yau babban ciniki a tashar jiragen ruwa yake, kwantena daga Sin da Dubai, motoci 'yan gwanjo masu wucewa Nijar da Burkina. Wanda zai shiga nan yana bukatar takardun banki, da Faransanci na ofis, da wanda ya sani a duwan. Kuɗin shanu huɗu ba ya buɗe wannan ƙofa. Kuma mai kwantena ba ya bukatar rainon amintacce, waya tana aika kuɗi, na'ura tana ƙirga kaya. Ma'aikaci yake ɗauka, ya biya shi a ƙarshen wata, in ya ga dama ya sauya shi. Mafi ƙarancin albashi a Togo ya tashi daga sefa 35,000 zuwa 52,500 a farkon 2023, kimanin yuro 80, ga wanda ya yi sa'ar samun aikin da ake bin doka. Da yawa daga samarinmu babur wani suke ja, suna kai masa kuɗi kullum har su biya abin da ya zarce kuɗin babur ɗin nesa ba kusa ba, lokacin nan kuwa injin ya gaji. Mu da muke sayar musu da kayan gyara mun fi kowa sanin haka, da gajiyar injinsu muke ci.

To, wa zai zargi saurayin da ya tsaya gaban farin ƙyalle? Lissafinsa daidai ne. Mafi ƙarancin lada na tarayya a Amurka dala 7.25 ne a awa, bai motsa ba tun 2009, kuma New York da jihohi da yawa suna biyan fiye da haka. Ko a wannan mafi ƙaranci, aikin kwana biyu a can ya zarce albashin wata a nan. Ƙanen namu ba ya musun wannan, da kuɗin tuƙin mota ya yi wa mahaifiyarmu rufin ɗaki. Abin da yake faɗa mana shi ne ƙasar da muke mafarki ita ma tana kuka da tsaninta. Binciken su Chetty ya nuna cewa cikin Amurkawan da aka haifa a 1940, kusan tara cikin goma sun fi iyayensu samu, amma cikin waɗanda aka haifa a shekarun 1980 rabi ne kacal. Yaron da aka haifa a kashi na ƙasa cikin kashi biyar na masu samu, damarsa ta kaiwa kashi na sama ba ta kai takwas cikin ɗari ba, a birnin Charlotte ma ba ta kai biyar ba, a San Jose kuwa ta kusa goma sha uku. Ƙasa ɗaya, tuta ɗaya, amma unguwar da aka yanke wa mutum cibiya tana bin sa har furfura. Alƙaluman babban bankin ƙasar suna nuna cewa mutum ɗaya cikin ɗari na sama suna riƙe da kusan kashi 30 cikin ɗari na dukiya, rabin jama'a na ƙasa kuwa ba su kai kashi uku ba. Yakan ce shi baƙo yana ganin ci gaba domin daga Adidogome yake aunawa. Maƙwabcinsa baƙar fata da kakannin kakanninsa suka yi bauta a ƙasar, daga gidan ubansa yake aunawa, kuma bai ga ya matsa ba.

A majalisarmu ta bakin shago, in zance ya zo nan, ba a rasa mai jefo sunan Alhassan Ɗantata. Ga maraya ɗan Bebeji, an haife shi a 1877, ya bi hanyar Gwanja, ya riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko, ya koma gyaɗa, har a 1929 ya kai raƙuma 20 na kuɗin azurfa banki a Kano. Gaskiya ne, kuma ƙwazonsa ba abin musu ba ne. Sai dai akan manta cewa ɗan gidan fatauci ne na Agalawa, mahaifiyarsa ma 'yar kasuwa ce a Ankara, hanyar da ya bi danginsa sun riga sun taka ta. Tattaɓa-kunnensa Aliko Ɗangote ya fara kasuwanci a 1977 da jarin da dangin mahaifiyarsa suka ba shi aro, shekarar da iyayenmu suke ɗaure tabarmi a kan motar hukuma. Ba hassada muke yi ba, arziki na Allah ne. Amma mun lura cewa masu yawan ce wa talaka arziki na Allah ne ba sa barin 'ya'yansu su jira shi a bakin titi.

Da can akwai abin da yake rage tazara ba tare da kowa ya shirya ba, wato rabon gado. Attajiri mai mata huɗu da 'ya'ya ashirin in ya rasu, dukiya takan watse, kowa ya koma neman nasa, yaran gidan da aka sallama su taso su cike gurbin. Yanzu abin da masu hali ke bar wa 'ya'yansu ba ya rabuwa a gaban alƙali: digiri ne, da fasfo, da lambar wayar manya. Mu kuwa 'yan tsakiya, rabon gadon ne ya same mu sosai. Shago ɗaya, magada bakwai da uwa.

Daren da muka ga yaron a layi muka taru a tsakar gida. Babban wanmu ya buɗe littafi ya nuna mana cewa jarin ya yi sirara, masu kawo kwantena sun fara sayar da ɗai-ɗai da kansu, in aka cire abin da Baba ya ambata shagon zai durƙusa. Ya ƙara da abin da kowa ke tunani bai faɗa ba: in yaron ya buɗe nasa, bakanikai shi za su bi, don shi suka sani. Yayarmu ta kawo zancen kuɗin makarantar yara. Wani cikinmu ya ce a yanka masa albashi na doka a huta, zamanin sallama ya wuce. Na Bronx yana kan waya yana cewa a cire daga rabonsa, aka ce masa rabonsa bai kai ba. Duk maganganun nan babu ta ƙarya a ciki. Mun yi zakka a shekarar, ɗaya cikin arba'in, ba mu rage ko dala ba, mun kuma ji daɗin kanmu. Amma zakka tana ciyar da mutum ne, ba ta mayar da shi mai fitar da ita.

Mahaifiyarmu tana gefe tana jan carbi, ba ta sa baki ba sai da muka gaji. Ta ce wa babban wanmu, ba ta kama sunansa ba don ɗan fari ne: "Kai, mai gidan kakanku da ya ba shi kuɗin shanu huɗu, ce maka aka yi ba shi da 'ya'ya?" Ya ce, "Inna, zamani ne ya sake." Ta ce, "Na ji. Alkawarin ubanku ma ya sake?" Ta tashi ta shiga ɗaki.

Ba mu yanke komai a daren ba. A watan Mayun 2025 sakamakon caca ya fito, sunan yaron bai fito ba. A watan Yuni gwamnatin Amurka ta saka Togo cikin ƙasashen da ta taƙaita wa biza, har waɗanda sunansu ya fito suka shiga zullumi. Bai ce mana komai ba, mu ma ba mu nuna mun gan shi a layi ba. Yana buɗe shago ƙarfe bakwai kamar kullum.

Bayan Babbar Salla babban wanmu ya kira shi a gaban mutum biyun nan da suka ji alkawarin Baba. Ya ware masa taya da tib da man inji, ya ce ya riƙa sayarwa a gefen baranda, uwar kuɗi da riba duk nasa ne, amma ya ci gaba da riƙe mana shago. Abin bai fi sulusin abin da Baba ya ambata ba, mu duka mun sani, shi ma ya sani. Ya durƙusa ya ce, "Na gode, Yaya, Allah ya jiƙan Baba." Ya ciro wani ɗan littafi daga aljihu ya rubuta kayan ɗaya bayan ɗaya da ajami, ya ja layi a ƙasa, ya bar sauran shafin fari. Inna takan tambayi babban wanmu labarin ragowar duk ranar Juma'a in ya shigo gaishe ta, shi kuma yakan ce ana nan ana dubawa.